Wa ya riƙa biyan kuɗin jirgin wasiƙu daga Ingila zuwa Legas?

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin gidan waya sai na ga an ce tun 1852 jirgin ruwa mai tururi yake kawo wasiƙu Legas daga Ingila duk wata. Abin ya ɗaure mini kai. A lokacin garin bai ma gama shiga hannun Turawa ba, masu rubuta wasiƙa kuma ba su taka kara sun karya ba. Wa yake ɗaukar nauyin wannan doguwar tafiya? Kuɗin kan sarki ne, ko gwamnati, ko 'yan kasuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗin kan sarki bai taɓa riƙe jirgin nan ba, ko kusa. Baitulmalin Ingila ne ya biya a wajen shekara ashirin na farko. Bayan nan dakon kaya ya karɓi nauyin, wato masu loda manja da atamfa da barasa, daga baya har da masu goro. Sunan wasiƙa aka rataya wa kwangilar, amma abin da gwamnati take saya da kuɗinta shi ne jirgi ya tashi a ranar da aka yanka, ko da kaya ko babu.

Mu fara da lissafi, don shi zai raba gardama. Kwangilar 1852 ta tanadi fam 23,250 a shekarar farko, ana rage fam 500 kowace shekara, har shekara goma. Ka ce wajen fam 21,000 ke nan a shekara in aka baje. A cikin shekarun 1850 Ingila ta mayar da kuɗin aika wasiƙa mara nauyi zuwa yawancin ƙasashen da take mulka sisi, wato kwabo shida. Fam ɗaya sisi 40 ne. To kafin kuɗin wasiƙu ya biya fam 21,000, sai an aika wasiƙa 840,000 a shekara, 70,000 a kowace tafiya ta wata. Kuma ba duk sisin ne rabon jirgi ba: kwabo ɗaya na gidan wayar Ingila ne, ɗaya na gidan wayar ƙasar da aka kai, huɗu ne kawai na teku. Ka haɗa wannan da cewa a ƙidayar 1866 mutanen Legas wajen 25,000 ne, Turawan cikinsu ba su kai ɗari ba. Ko ka tara Saliyo da Gambiya da Cape Coast da Akra da Bonny da Kalaba, wasiƙun ba za su je ko'ina kusa da wannan adadi ba. Su kansu jami'an Landan sun san haka tun kafin su sa hannu.

Ba da Afirka aka fara wannan tsari ba. Da can gwamnatin Ingila da jiragenta na iska take kai wasiƙu ƙetare, suna tashi daga tashar Falmouth da ke Ingila. Da injin tururi ya zo, sai ta ga ƙera jiragen da riƙe su ya fi ƙarfin gidan waya, gara ta ba kamfanoni kwangila. A 1837 aka ɗora alhakin waɗannan kwangiloli a kan hukumar sojan ruwa. A shekarar kamfanin da daga baya ya zama P&O ya samu fam 29,600 don kai wasiƙu Sifen da Fotugal da Jibralta. Samuel Cunard ya sa hannu a 1839 a kan fam 55,000 don Arewacin Amurka, aka kuma ƙara masa ba da jimawa ba. Kamfanin Royal Mail mai zuwa tsibiran Karebiyan shi ya kwashi kaso mafi tsoka, fam 240,000 a shekara. In ka dubi waɗannan, abin da aka ware wa gaɓar Afirka ta Yamma bai kai kashi ɗaya cikin goma na Karebiyan ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin da Landan ta ajiye yankin a lokacin.

Mutumin da ya kawo kwangilar shi ne Macgregor Laird, ɗan gidan maƙeran jiragen ruwa na Birkenhead, kusa da Liverpool. Ba baƙon ƙasar nan ba ne. A 1832 ya shigo Kwara tare da matafiyi ɗan Ingila Richard Lander da ƙananan jiragen tururi biyu, Turawa 48 suka taso, tara suka koma gida da rai. Shi kansa da ƙyar ya sha. Duk da haka bai fasa ba, don ya yi imani cewa cinikin bayi ba zai mutu da igwar sojan ruwa kaɗai ba, sai an buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa, har da baƙar fata, hanyar kai kayansu Turai. Wannan magana ta yi wa gwamnati daɗin ji. A Disamban 1851 sojan ruwan Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori sarkin garin, Kosoko, suka mayar da tsohon sarki Akitoye. Ga jiragen yaƙi suna sintiri a gaɓa don kama masu safarar bayi, ga ƙaramin jakada a tsibirin Fernando Po, ga gwamnoni a Saliyo da Gambiya da Cape Coast, kuma duk umarnin Landan sai ya jira jirgin ɗan kasuwa da ya ga damar tashi. Aka kafa African Steam Ship Company a 1852, jirginta na farko mai suna Forerunner ya tashi a Satumban shekarar.

Yanzu ga abin da ya sa dole sai da tallafi. Ka san yadda motar haya take a tasha: ba ta tashi sai ta cika, shi ya sa direba ba ya faɗuwa. Jirgin iska na 'yan manja haka yake. Ya shiga kogin Bonny ko Kalaba ya kafe, ya raba wa dillalai kaya bashi, ya yi watanni yana jiran ganguna su cika shi, sannan ya juya. Iska kyauta ce, jira ba ya ci masa kwal. Jirgin wasiƙa kuwa an hana shi wannan jiran. An rubuta masa ranar tashi, da jerin tashoshin da zai tsaya, Madeira, Tenerife, Bathurst wadda yanzu ake kira Banjul, Saliyo, Monrobiya, Cape Coast, Akra, Legas, Bonny, Kalaba, Kamaru, Fernando Po, da ɗan lokacin da zai yi a kowace. Kwal ɗin da zai ƙona a hanya ma daga Birtaniya ake kai shi a jibge a tashoshi, don haka farashinsa yake ninkawa kafin ya shiga tukunya. Injinan wancan zamani masu cin kwal ne ainun, har wurin da ya kamata a zuba kaya mai kawo kuɗi sai kwal ya cinye. Giɓin da ke tsakanin abin da jirgi ya samu da abin da ya kashe saboda bin jadawali, shi tallafin yake cikewa.

Kuma kuɗin da sharaɗi yake zuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A irin waɗannan kwangiloli akan sa hafsan sojan ruwa a cikin jirgi yana kula da buhunan wasiƙu, yana rubuta lokacin isa da na tashi. In aka makara ba dalili, a ci kamfani tara. Gwamnati tana da damar sa jami'anta da sojojinta da kayanta a kan farashin da aka yanka, in yaƙi ya tashi kuma ta ɗauki jiragen haya. An ga amfanin wannan a yaƙin Kirimiya daga 1854, lokacin da aka kwashi jiragen wasiƙu da yawa suka koma jigilar soja.

Sharaɗin rage fam 500 duk shekara shi ya fi ba ni sha'awa a cikin takardar, don ya nuna tunanin masu ita. Suna ganin tallafi abu ne na ɗan lokaci: jirgi zai haifar da ciniki, ciniki ya girma ya riƙe jirgi, gwamnati ta zare hannu a hankali. Kwamitin da Lord Canning ya shugabanta a 1853 ma irin shawarar da ya bayar ke nan game da kwangilolin wasiƙu gaba ɗaya. Tunanin daidai ne, amma sun yi gaggawa a lissafin lokaci. Forerunner ya bugi dutse ya nitse a kusa da Madeira a 1854. Fitilun jagora a gaɓar kaɗan ne, taswirorin ba su cika ba, zazzaɓi yana kwasar ma'aikata. Kamfanin ya fara da tashi daga Landan yana biyawa Plymouth ya ɗauki wasiƙu, sai ya gane cewa kasuwar manja tana Liverpool, ya koma can a 1856. Da aka sake kwangila a 1858, maimakon kuɗin ya ci gaba da sauka sai ya hau zuwa fam 30,000.

Amma cinikin ya zo, kuma ta inda manyan kamfanoni ba su so ba. Tun farkon shekarun 1840 manjan da Ingila take shigowa da shi ya haura tan 20,000 a shekara, ana sabulu da kyandir da man shafa wa injina. Da, sai mai jarin da zai sayi jirgi sukutum ya tura shi na shekara guda ne yake shiga wannan harka. Da jirgin wata-wata ya samu, mutumin da ke da ganga biyar ko goma zai iya biyan kuɗin dakonsu kawai, ya aika wa wakili a Liverpool, wakilin ya sayar ya aiko masa da atamfa da taba a jirgi na gaba, takardar lissafi tana cikin buhun wasiƙu na jirgin. A nan ne wasiƙa ta yi aikinta na gaskiya: ita ke ɗauke da oda da farashi da takardun biyan kuɗi. 'Yantattun bayi daga Saliyo, waɗanda ake kira Saro a Legas, da ƙananan Turawa marasa jari, su suka cika wannan fage. Tsofaffin attajiran Liverpool da Bristol sun yi ta ƙorafi cewa da harajinsu ake ciyar da masu karya musu kasuwa, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Akwai wata kwangilar ta biyu da ta fi kusa da mu, wadda ta nuna inda tallafi yake gazawa. A 1854 Laird ya ƙera jirgin Pleiad, likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai da shi, ana ba kowa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, kullum, aka dawo ba wanda ya mutu. Wannan ya ƙarfafa gwiwar gwamnati, a 1857 ta yarda ta biya Laird fam 8,000 a shekarar farko, shi ma ana rage 500 duk shekara, don ya riƙa tura jirgi cikin Kwara har shekara biyar. Jirgin farko, Dayspring, ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba a cikin 1857 ɗin, mutanensa suka yi kusan shekara a bakin kogi suna jiran a zo a ɗauke su. A cikinsu akwai limamin mishan Samuel Ajayi Crowther, da wani hafsan sojan ruwa John Glover, wanda daga baya ya mulki Legas ya kafa wata rundunar tsaro ta Hausawa. An buɗe rumbunan ciniki a Abo da Onica da mahaɗar kogunan biyu, amma garuruwan bakin teku da ke cin abinci da dillanci suka ga za a tsallake su, suka riƙa buɗe wa jiragen wuta. Ruwan kogin kuma watanni kaɗan yake ɗaukar babban jirgi a shekara. Laird ya rasu a Janairun 1861, magadansa suka janye. Baikie ya zauna a Lakwaja ƙarƙashin inuwar Etsu Masaba na Bida, har ya je Kano a 1862, amma jirgi na kai-da-kawo a kan jadawali bai tabbata ba a lokacin. A ganina bambancin a fili yake. A gaɓar teku manja yana nan jibge yana jiran jirgi tun kafin a ba da ko kwabo. A cikin kogi an biya jirgi ya je ya nemo cinikin da bai riga ya juyo ta wannan hanya ba, fataken Kano da Nupe kuwa suna da hanyoyinsu na ƙasa da suka saba.

Abin da ya kashe tallafin gaɓa ba dokar majalisa ba ce, inji ne. A Glasgow John Elder da abokin aikinsa Charles Randolph suka inganta injin da ke amfani da tururi sau biyu kafin ya sake shi, cin kwal ya ragu sosai, wurin kaya ya ƙaru. A 1868 aka kafa British and African Steam Navigation Company a Glasgow, ta fara aiki a 1869 da irin waɗannan jirage, ba ta karɓar ko sisin gwamnati. Wakilanta a Liverpool su ne Alexander Elder, ɗan'uwan John, da John Dempster, dukansu tsofaffin ma'aikatan wakilan kamfanin farko ne, sun san cikinsa da bayansa. Nan sunan Elder Dempster ya samo asali. Da gidan waya ya ga wani yana bin hanya ɗaya ba tallafi kuma yana cin riba, hujjar biyan dunƙulallen kuɗi ta faɗi. A farkon shekarun 1870 aka daina, aka koma biyan jirage gwargwadon wasiƙun da suka ɗauka. Kamfanonin biyu kuwa tun 1870 sun daina yanka wa juna farashi, sun raba ranakun tashi a tsakaninsu.

Kana iya tambaya ko ita ƙasar da ake mulka tana biya. A wurare da yawa ta biya, kuma Landan ta daɗe tana matsawa a kan haka. Bayan wata badaƙala a kan kwangilolin wasiƙu na tashoshin Dover da Galway, inda aka zargi gwamnati da raba su don neman ƙuri'a, a 1860 aka ƙwace harkar daga sojan ruwa aka mayar wa gidan waya, majalisa kuma ta sa ido. Daga nan ma'aikatar kuɗi ta riƙa lissafa asarar kowace hanya tana neman wanda zai raba da ita. Yankunan Ostireliya sun ɗauki rabin kuɗin jirginsu. Indiya ta biya kaso mai yawa na kwangilar P&O, aka kuma ɗora wa Silon (Sri Lanka ta yau) da Singafo da Hong Kong nasu rabon. Misali mafi tsabta shi ne Jamaika a 1901: fam 40,000 a shekara, rabi daga Landan rabi daga tsibirin, da sharaɗin jirgin ya riƙa kwasar ayaba. Jamus ma ta bi wannan hanya a 1885, ta ba kamfanin Norddeutscher Lloyd mak (kuɗin Jamus na lokacin) miliyan 4.4 a shekara don Gabashin Asiya da Ostireliya, amma majalisarta ta cire layin Afirka daga dokar, kamfanin Woermann na Hamburg ya ci gaba da zuwa gaɓar nan da ƙarfin kayansa.

Rabon Legas ya zo ta wata fuska, kuma ya fi tsada. Tallafi yana kawo jirgi bakin Legas ne kawai, ba ya shigar da shi. A mashigar tashar akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa da ke sauya wuri, igiyar ruwa tana karyewa a kansa. Babban jirgi sai ya jefa anga can waje a buɗaɗɗen teku yana tangaɗi. Da fari kwale-kwale ne ke fita, matuƙa su ƙirga igiyoyi su kutsa a tsakaninsu, in aka yi kuskure kwale-kwalen ya kife, kaya su tafi, mutane kuma ga kifin shak. Daga baya aka sa ƙananan jiragen tururi marasa zurfi suna kai-komo. Fasinja a zaunar da shi a wani akwatin katako, ƙugiya ta ɗaga shi sama ta sauke shi a ƙaramin jirgin da ke hawa da sauka a ƙasa. Kaya masu nauyi kuwa sau da yawa sai an wuce da su Forcados, inda ruwa yake kwance, a juye su a ƙaramin jirgi a dawo da su Legas. Kowane juyi kuɗi ne, kuma a kan kayan ake ɗora shi. Maganin abin shi ne dogayen katangun duwatsu da aka fara turawa cikin teku daga wajejen 1907, ana ɗauko dutsen a jirgin ƙasa daga kusa da Abekuta, ana kuma yashe mashigar. Sai a Fabrairun 1914 jirgin wasiƙa na farko ya shiga cikin tashar da kansa, shekara 62 bayan Forerunner. Wannan aiki daga asusun mulkin ƙasar da bashin da aka ci da sunanta aka yi shi, asusun kuma galibinsa kuɗin kwastan ne, wanda harajin barasar da ake shigowa da ita ya fi komai yawa a ciki.

Kada kuma ka ɗauka da aka daina tallafi a fili gwamnati ta daina ciyar da kamfanin. Alfred Jones, wanda ya fara da aikin akawu tun yana yaro a ofishin wakilan kamfanin farko, ya karɓi ragamar Elder Dempster a 1884, cikin 'yan shekaru ya haɗa kamfanonin biyu a hannunsa. Jami'an mulki masu tafiya hutu da dawowa, sojoji, siminti, kwal, ƙarafan titin jirgin ƙasan da aka fara daga Legas a 1896, kusan duk a jiragensa suke tafiya. Ya kafa Bank of British West Africa a 1894, wanda shi ne First Bank na yau, bankin kuma ya samu damar shigo da kuɗin azurfa. Wannan ciniki na gwamnati ya fi tsohon fam 30,000 nesa ba kusa ba.

Sai 1895, lokacin da Jones ya ƙulla yarjejeniya da Woermann suka daidaita kuɗin dako. Dabarar da suka ɗaure 'yan kasuwa da ita ita ce ragin kashi 10 cikin 100 da ba a biya nan take. Ka yi wata shida kana loda kaya a jiragensu kaɗai, ragin ya zama naka a takarda, amma ba za a ba ka ba sai ka ƙara wata shida ba ka taɓa jirgin wani ba. Kullum akwai kuɗinka a hannunsu, ranar da ka ba wani jirgi ko ganga ɗaya ka yi asararsu duka. Hujjarsu ita ce irin ta 1852: jirgi mai bin jadawali, mai tsayawa a ƙananan tashoshi ko ba kaya, ba zai rayu ba in jiragen ci-rani suna zuwa lokacin kaka su kwashe mai maiƙo. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a 1852 majalisa tana ganin adadin tana iya rage shi, a 1895 kuwa yana ɓoye cikin kuɗin dako, kuma daga ƙarshe yana sauka a kan farashin da ake ba mai manja a Kalaba da wanda ake karɓa wurin mai sayen atamfa. John Holt na Liverpool da wasu 'yan kasuwa sun yi ta kuka da tsarin, an kafa hukumar bincike a 1906, ta ba da rahoto a 1909, mafi rinjayen mambobinta ba su ce a haramta shi ba.

A wannan zamanin ne Hausawa suka shiga lissafin kai tsaye. Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874, tsohuwar hanyar goro ta Gwanja ta Salaga ta fara rauni, goro ya soma gangarowa bakin teku. Fatake suka gane cewa tafiyar da ke cin watanni da jakuna za a iya yanke ta: a loda huhunan goro a Akra ko Sekondi, mai kaya ya biya kuɗin zama a saman jirgi kusa da kayansa, cikin 'yan kwanaki yana Legas. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan safara ta ruwa tun kafin ya shahara da gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗar Kano da fatu suka shiga cikin manyan kayan da jiragen Elder Dempster suke komawa Liverpool da su.